Kaskar Auta

Gwadabe ne ya kawo dabbar nan gidansa da hannunsa, ba wanda ya aike shi. Abin da ya fi ci masa rai ke nan daga baya, don da wani ne ya kawo, da aƙalla ya sami wanda zai zaga.

Gidansa shi ne na ƙarshe a layinsu, can bayan Panshekara, inda gari yake ƙarewa fadama ta fara. Daga bayan katangar sai lambunan latas da albasa, sai doguwar ciyawa, sai kogin Challawa. Shi kuwa ya fi shekara ashirin yana aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin jimar fata na Challawa, a ɓangaren da ake wanke fatun tumaki a cire musu maiƙo kafin a jeme. In ya tashi daga aikin safe, ta bakin kogi yake yankowa a kan kekensa. To a nan ne wata rana, daidai inda baƙin ruwan masana'antu yake kwararowa cikin kogi, ya hangi wani abu yana motsi a cikin taɓo. Ɗan karen ruwa ne, bai fi kamu ɗaya ba, idanunsa sun manne, numfashinsa sama-sama.

Kada ma a ce tausayi ne. Gwadabe ya sa babban yatsa ya goge taɓon, ya ga gashin da ke ƙasa, cike kuma lallausa, ya ce a ransa in wannan ya girma fatarsa za ta yi hular da babu mai irinta a duk Kumbotso. Ya jefa shi a kwandon keke ya yi gida.

Matarsa Atika ba ta ga hula ba. Tun da aka kai 'yarsu Badi'a ɗakinta a Hotoro, ɗansu Abdulbaqi kuma ya sami aiki a Bompai ya kama haya a can, gidan ya zama daga ita sai Gwadabe sai kaji. Ta karɓi abin a gefen zaninta, ta wanke masa ido da ruwan ɗumi, ta dinga ɗiga masa madara da cokali. Ranar da ya buɗe ido ya dube ta, maganar hula ta mutu murus. Ta raɗa masa suna Auta.

"Autan wa?" in ji Gwadabe.

"Nawa mana. Kai ai hula ka gani."

Bayan 'yan watanni Auta ya yi ƙarfi, ya gano rariyar da ruwan wanke-wanke yake fita ta gindin katanga, ya bi ta ya koma kogi. Gwadabe ya yi hamdala a ɓoye. Ashe ya yi saurin yin ta. A kogi Auta yake kwana, a can yake farautarsa, amma kullum bayan la'asar sai ka ga kai ya leƙo ta rariya, gashin baki yana ɗigar ruwa. Kuma ba yunwa ce take kawo shi ba, kaska ce.

In ya fito daga ruwa, a cikin ciyawar da shanun Fulani suke kwanciya bayan sun sha ruwa yake birgima ya bushe jikinsa. Da damina kuwa ciyawar nan cike take da kaska. Wadda ta kama shi a ciki ko a ƙafa yakan cire ta da haƙori, amma ta bayan kunne da ta ƙeya ba ya iya kai mata. Sai ya kawo wa Atika. Takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ajiye gwangwanin kananzir a gefe, shi kuma ya hau ya ɗora haɓa a cinyarta. Ta tsoma yatsa a man gyaɗa, ta buɗa gashin a hankali, ta kama kaskar da farce can wajen kanta, ta ja sannu-sannu har ta saki da kanta, ta jefa a gwangwani. Tana yi tana masa hira. Shi kuwa ɗan banzan har lumshe ido yake yi.

Matsalar ita ce, wannan lokacin yana da mai shi. Tun ranar da furfura ta farko ta fito wa Gwadabe, bayan la'asar a kan tabarmar nan yake ɗora kansa a cinyar Atika tana tsige masa. Da furfurar ta ci ƙarfin tsiga, ba su fasa ba. Ta ci gaba da sosa masa kai kawai, yana ba ta labarin kamfani, wa aka kora, wa ya yi faɗa da foman, har barci ya ɗan fizge shi kafin magariba. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma duk warin fata da ƙarar injin da yake sha tun safe, don wannan ɗan lokacin yake jurewa.

Yanzu in ya jingine keke a soro ya shigo, sai ya tarar an riga shi.

"Sannu da zuwa, Malam. Abincinka na ɗaki a rufe," in ji Atika, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ya tsaya tsaye a kansu. "To ni ina zan zauna?"

"Ga kujera nan. Kuma don Allah ka ɗan matsa, ka tare mini haske."

Ya shiga ɗaki ya buɗe kwano. Miyar kifi ce, amma babu kan. Kan tarwaɗa kuwa tun suna amarya da ango nasa ne. Bai tambaya ba, don ya san cikin da ya shiga. Ya ci tuwon yana jin muryarta a tsakar gida tana cewa, "Yi haƙuri, saura ɗaya, ɗan albarka." Kishi ne ya turnuƙe shi, irin wanda mutum ba ya iya kai ƙararsa ko'ina. Wa zai je ya gaya wa cewa dabba ta ƙwace masa cinyar matarsa?

Duk da haka ya gwada. Bayan sallar magariba ya tsaya har jama'a suka ragu, ya matsa kusa da Malam Inuwa, limamin masallacin layin.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Wani mutum ne, matarsa take ɗora kare a cinya kullum. Da tufafin kuma take salla."

"Kare?"

"Wato… na ruwa."

Malam Inuwa ya gyara zama yana ƙoƙarin danne dariya. "Ai wannan dabbar ruwa ce, Malam Gwadabe. Ba ya ɓata tufa, ba ya karya alwala. Jinƙansa ma lada ne. Ka je ka gaya wa mutumin nan Allah ya ba shi mace mai tausayi, ya gode."

Tsofaffi biyu da ke lazimi a sahun baya suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Kafin Gwadabe ya sa takalmi ya san labarin ya riga shi fita.

Labarin kuwa ya kai har kamfani. Washegari lokacin cin abinci, abokin aikinsa Ɗayyabu, mutumin Damagaram mai bakin tsiya, ya zauna kusa da shi a bakin geti da kwanon garau-garau.

"Gwadabe, an ce an yi sabon maigida a gidanka, mai gashin baki. Yanzu in mun zo wa za mu yi wa sallama?"

"Ka ci abincinka, Ɗayyabu."

"A'a, tambaya ce. In ya so mu dinga taho masa da kifi."

Gwadabe ya rufe kwanonsa ya tashi. Da suka koma ciki, ya tsaya yana kallon ɗanyun fatun da ake sauke wa daga mota. Kaska ba baƙuwarsa ba ce. Kullum yana ganin ta maƙale a fatun da aka kawo daga kwata, yana ganin ramukan da take bari waɗanda suke mai da fata mai kyau ta koma ta banza. Yana kuma ganin yadda take zubewa a ƙasan duro in an wanke fata da ruwan sabulun nan mai ƙarfi na cire maiƙo. Ba a bi ɗaya-ɗaya, ba a yi wa kowa hira. Wanki ɗaya, an gama.

Lissafin ya zo masa a sauƙaƙe. In babu kaska, babu abin da zai kawo Auta. In ma ya zo, babu dalilin hawa tabarma. Kuma ba cutar da shi za a yi ba, taimako ne. Har Atika ma sai ta gode, ta san cewa a gidan nan akwai wanda ya san fata fiye da mai tsoma yatsa a man gyaɗa. Da aka tashi ya roƙi foman ɗan ruwan sabulun kaɗan a gorar ruwa, ya ce keke zai wanke.

Ya ɓoye gorar a soro, yana jiran rana. Ranar kuwa ba ta yi nisa ba, don Badi'a ta haihu, Atika ta shirya tafiya Hotoro. Da za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kayanta a ka.

"Malam, ga kifi karfasa nan a cikin kula, in ya zo ka ba shi. Kaskar kuwa kada ka taɓa, ka bar mini sai na dawo. Ba ka iya ba, sai ka tsinke ta ka bar kan a ciki."

"Jikan naki ma ba ki yi maganarsa haka ba."

"Jikana yana da uwa," in ji ta, ta wuce.

Da la'asar hadari ya fara haɗowa daga gabas. Kan ya leƙo ta rariya kamar kullum. Auta ya shigo ya zagaya gindin darbejiya, ya shinshina inda tabarma take zama, ya ɗaga kai yana wani ɗan kuka siriri. Gwadabe ya jefa masa karfasa, ya lallaɓa ya toshe rariyar da bulo. Ya riga ya cika rabin duro da ruwa, ya juye gorar duka, ya kaɗa har kumfa ta taso. Ya zura safar roba ta wajen aiki, mai kaiwa gwiwar hannu, ya cafko Auta ya tsoma shi a ciki.

Bai taɓa wanke fatar da take cizo ba. Auta ya yi ta wutsil-wutsil, ya yi ƙara irin wadda Gwadabe bai san yana da ita ba, ya huda safar ya kafa masa haƙori a gindin babban yatsa. Gwadabe ya cije, ya danne shi, ya cuɗa wuya, ya cuɗa bayan kunne, ya cuɗa gadon baya har wutsiya, yadda ya saba, ba ya barin lungu. Da ya sake shi, ya duba ƙasan duron. Ga su nan kuwa, wasu jajaye, wasu sun yi bul-bul da jini. Ya yi murmushi har haƙoransa suka fito, jini yana bin cikin safarsa.

"To, yallaɓai," ya ce yana janye bulon, "an sallame ka. Ka gai da mutan kogi."

Auta ya fita da gudu. Gwadabe ya zagaya ta ƙofa ya bi bayansa ta cikin lambuna, ba don komai ba sai don ya ga tafiyar da idonsa ya ji daɗi. An fara yayyafi, iska mai sanyi tana kwantar da ciyawa.

Ya sha ganin Auta yana shiga ruwa. Yakan sulale ne kamar an zuba mai, ya ɓace, ya ɓullo can tsakiya, in ya fito ya girgije sai ka ga ruwan ya zube ya bar shi kusan a bushe. Yau da ya faɗa sai ya yi nauyi. Ya ɗago kai da kyar, yana dukan ruwa da ƙafafun gaba kamar ɗan akuyar da ya faɗa rijiya. Ya juyo, ya nutse, ya sake ɗagowa, ya jawo jiki ya fito kan taɓo. Gashin nan da Gwadabe ya taɓa yi wa kwaɗayin hula ya kwanta ya manne, ya zama tsumma, har ana ganin fatar ta tsakaninsa. Auta ya girgije, babu abin da ya zuba. Ya kwanta a wurin yana karkarwa.

A nan Gwadabe ya gane, kuma ba wani ne ya gaya masa ba, aikinsa ne ya gaya masa. Shekara ashirin yana cire wa fata maiƙo don ruwan jima ya shige ta sosai. Abin da sabulun yake yi ke nan, kuma ya yi. Shi dai bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa me maiƙon yake yi wa dabbar tun tana da rai ba, don duk fatar da ta taɓa zuwa hannunsa mai ita ya riga ya mutu.

Ruwa ya kece. Gwadabe ya shiga taɓon har gwiwa ya ɗauko shi. Wannan karon ko yunƙurin cizo Auta bai yi ba, abin da ya fi tsorata Gwadabe ke nan. Ya cusa shi cikin rigarsa, jikin sanyi ƙalau a kan ƙirjinsa, ya yi gida yana tuntuɓe a kunyoyin albasa, yana faɗin, "Kada ka yi mini haka. Don Allah kada ka mutu a hannuna." Ba Autan yake tausayi ba tukuna. Fuskar Atika yake gani.

Ya hura gawayi a kasko, ya goge Auta da rawaninsa na zuwa Juma'a, ya naɗe shi a bargo. Washegari bai je aiki ba. Ya kira Atika a waya ya ce ta dawo, Auta ba lafiya. Ko hantsi bai gama ɗagawa ba ta shigo, mayafinta a hannu.

Ta durƙusa ta buɗe bargon. Ta shafa gashin, ta kai hannun hancinta. Warin nan ta san shi, shekara ashirin tana wanke shi daga rigunan mijinta. Ta dubi rabin duron da ke tsakar gida, ta dubi tsumman da ya ɗaure yatsansa da shi.

"Me ya yi maka?"

"Kaskar na cire masa. Gaba ɗaya. Don ki huta."

"Na ce maka na gaji?"

Ya kau da kai, yana gyara tsumman yatsansa.

"Malam, na ce maka na gaji?"

"To ni fa?" Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so. "Ni fa, Atika? Rabon da ki taɓa kaina tun yaushe? Na dawo daga aiki a gajiye, a ce mini ga kujera nan, na tare haske? A gidana?"

 Ya zaci za ta yi kuka, ko ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi. Sai ta ce, "Da ka ce mini na matsa maka, ai tabarmar tana da faɗi." Ta juya ta ɗebo ruwan sama mai kyau daga randa, ta ɗumama, ta fara ɗauraye sauran sabulun daga jikin Auta.

Auta bai mutu ba. Amma jinyar ta ɗauki makonni, kuma a ɗakin Atika aka yi ta. Ta hana shi kogi, ta toshe rariya da kanta, kullum ta ɗauraye shi ta bushe shi, shi kuma ya wuni yana lasar jikinsa yana gyara gashin da haƙori. Kifin da Gwadabe yake sayowa a hanya kuwa, yanzu ba kan kaɗai ba, har jikin ba ya gani. 

Wani abu kuma ya ƙaru. Da Gwadabe ya shigo da kayan aiki, Auta ya ji warin sabulun, sai ya fasa ƙara ya shige ƙarƙashin gado yana rawar jiki. Saboda haka Atika ta kafa doka. A soro zai tuɓe kayan kamfani, ta ajiye masa bokiti da soso a can, sai ya yi wanka ya sauya sannan ya shigo. Mutumin da ya tashi korar dabba daga tabarma, ga shi yana wanka a soro kamar baƙo, yana jin yara a waje suna tambayar juna ko Baba Gwadabe ya yi laifi ne.

Da gashin ya dawo ya fara sheƙi, Atika ta gwada shi a baho, ta ga ruwa yana zamewa. Ta janye bulon. Auta ya tsaya a bakin rariya, ya waiwayo sau ɗaya, ya fice.

Washegari bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye gwangwanin kananzir da man gyaɗa, ta zauna. Bai zo ba. Jibi ma haka. Har aka yanke gero, ruwa ya ɗauke, kullum sai ta shimfiɗa ta zauna tana fuskantar rariya har a kira magariba, sannan ta naɗe. Ba ta yi wa Gwadabe gori ba ko sau ɗaya. Kan kifi ya dawo kwanonsa, dokar soro ta faɗi. Tabarmar ga ta nan da faɗinta, babu kowa a kai sai ita, amma ya kasa zama. A kujera yake zama yana kallon ta tana kallon rami. Da can aƙalla yana ganin abokin hamayyarsa, yana iya hararar sa. Yanzu da wanda ba ya nan yake kishi, kuma wannan ya fi ciwo.

Sai ya fara makara a hanya. In ya taso aiki, ya jingine keke a lambun wani, ya kutsa cikin ciyawar mashayar shanu, yana duba sawu a taɓo, yana duba ƙayar kifi a kan duwatsu. In Ɗayyabu ya tambaye shi me yake nema a fadama kullum, sai ya ce ganyen magani.

A can ya samo ta. Wata safiya yana alwala ya ji wani ɗan ƙullutu a ƙeyarsa, daidai inda hula take tsayawa. Ya taɓa, ya san kaska ce. Da farce ɗaya zai iya fizge ta. Ya sauke hannunsa, ya ja hula ya rufe. Ya bar ta tana sha, tana ƙaiƙayi, yana aiki yana jin ta, har ta yi ƙiba kamar ƙwayar wake.

Ranar da ya ga ta isa, ya dawo gida da la'asar, ya cire hula, ya zo ya tsuguna a bakin tabarma ya juya wa Atika baya, wai yana gyara igiyar takalmi.

"Tsaya," in ji ta. "Mene ne wannan a ƙeyarka?"

"Ina?"

"Kaska ce, Malam! Ji yadda ta ƙoshi. Wannan ai ta kwana biyu. Kai da kake aikin fata, ba ka ji ta ba?"

"Ban ji ba."

Ta yi masa kallon wadda ta gane. Sannan ta ce, "Kwanta."

Ya kwanta. Ya ɗora kansa a inda ya fi shekara bai ɗora ba. Ya ji ta jawo man gyaɗa, ya ji sanyin yatsanta a ƙeyarsa, ya ji farcenta ya kama, tana ja a hankali. 

"A mashayar shanu ka samo ta," in ji ta. Ba tambaya ba ce. "Ka gan shi?"

Ya gan shi. Tun shekaranjiya ya gan shi, ya riƙe maganar, bai san ko alheri ne faɗarta ko mugunta ba. Ko yanzu da ya buɗe baki bai sani ba, wataƙila duka biyun ne.

"Na gan shi. Can ƙetare, gaba da inda ake ɗiban yashi, inda ruwan yake da kyau. Ya yi ƙiba. Gashin kamar ba abin da ya taɓa samun sa."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Kaskar fa? Wa yake…"

"Ba shi kaɗai ba ne. Akwai wata tare da shi. Na ga ya kwanta a kan dutse, tana bin bayan kunnensa da haƙori."

Yatsun suka tsaya cak a ƙeyarsa.

"Da haƙori," in ji Atika.

"Da haƙori."

"Wace irin cira ce wannan? Tsinke ta za ta yi ta bar masa kan a ciki, ya zo ya yi gyambo. Ita me ta sani? Tana ina lokacin da idonsa yake manne? Tana ina lokacin da yake rawar ɗari a bargo?" Ta fizge kaskar da ƙarfin da ba ta taɓa yi wa Auta ba, har Gwadabe ya ce wash, ta jefa a gwangwani. "Har lumshe ido yake yi mata, ko?"

Gwadabe ya san muryar nan sarai. Ita ce wadda ya yi shekara yana ji a cikin ƙirjinsa. Ya so ya ji daɗi, ya ce yau ta ɗanɗana, amma daɗin bai zo ba. Ya ce, "Ban lura ba. Da nisa."

Kaska ta fita, aiki ya ƙare, amma hannun bai tashi ba. Ya bar ƙeyar ya hau cikin furfurar, yana buɗa gashin a hankali, yana bin bayan kunne, yana laluben abin da babu. Gwadabe ya ɗan karkato ido ya dubi fuskarta. Ba shi take kallo ba. Idonta yana kan rariya.

Ya mai da kansa yadda yake, ya rufe ido don kada ya sake gani, ya kwanta lamo, yana roƙon Allah kada ladan ya yi saurin kiran magariba.